Wardin da Ya Yi Tsami a Hannuna

Ni ne na yi kuskure, ba Gwaggo Delu ba. Na sa wannan a farko don kada wani ya zauna yana jiran in wanke kaina a ƙarshe. Tun da na komo daga Kano abokai ba su bar ni na huta ba. A bakin majema tambaya, a ƙofar masallaci tambaya: yaya birnin yake, da gaske ne ana sayar da ruwan sha, na ga jirgin ƙasa? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa yana tsintar abin dariya yana barin sauran, shi ya sa na nemi takarda. Shekara biyu kawai na yi a lakwal, makarantar boko, kafin mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya janye ni zuwa sana'ar gidanmu, saboda haka wanda ya ga gargada a rubutun ya yi haƙuri.

Sunana Isa, majemi ne ni a Dungas, ɗan majemi. Gwaggo Delu ƙanwar mahaifina ce, a ɗakinta aka yaye ni. Tun rasuwar mijinta da turaren mai take ci da kanta. Fatake suna kawo mata daga Kano, ita kuma ta zauna ta haɗa, ta ɗura a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, ranar kasuwa ta jera su a faifai gindin tsamiyar da ke bayan masu koli. Duk matar da za ta yi biki ko za ta fita daga wankan jego, wurinta take zuwa.

Da matata ta haifi ɗanmu na fari, sai na sa wa raina cewa ranar suna, ko da rana ɗaya ce a duniya, ba zan yi warin majema ba. Wanda bai yi jima ba ba zai gane ba. Kana iya wanka da sabulu sau uku, ka sa sabuwar riga, amma in ka zauna a taro sai ka ga na kusa da kai ya ɗan gyara zama, ba da mugun nufi ba. Na je wurin Gwaggo na sayi wardi, turaren fure. A bakin kwalba ƙamshinsa mai sanyi ne, mai zaƙi, yana shiga hanci a hankali kamar iskar da ke zuwa gabanin ruwa. Da sassafen suna na shafa a wuyan hannu da wuya da gemu. Aka raɗa suna, aka raba goro, ina ta kai da kawo ina jin kaina wani mutum dabam. Hantsi yana ɗagawa sai abin ya juya. Zaƙin ya tafi, wani tsami ya taso, irin na ƙwaryar nono da aka manta ba a wanke ba, a ƙarƙashinsa kuma wani ƙarni kamar na tsohon mai. Manu ɗan kawuna, wanda wasan taubashi ya ba shi damar faɗa mini kome, ya matso ya shaƙa, ya juya ga jama'a ya ce yau dai majema ta yi wanka ta zo suna, a ba ta goro. Aka yi dariya. Ni ma na yi, amma zuciyata tana tafasa.

Ranar kasuwa na tafi gindin tsamiya. Ko sallama ban yi ba. A gaban mata sun fi goma na ɗaga kwalbar na ce Gwaggo tana surka turarenta da man gyada, kuma wadda ta cuci ɗan wanta ba wanda za ta bari. Ta ɗago kai ta dube ni ta ce, "Isa, ni?" Iyakar abin da ta ce ke nan. Ta tattara kwalabenta ta rufe da zane ta tafi gida. Kasuwa ta ci sau uku ba ta fito ba, da ta fito a ta huɗu ba wadda ta tsaya gabanta. Daga nan ta daina zuwa. Manyan gidanmu suka ce in je in durƙusa. Na rantse sai na je Kano da ƙafata na sayo wardi na ainihi an gwada a gaban mutane. Wannan ne dalilin tafiyar, ba cinikin fata ba kamar yadda na riƙa faɗa.

Na tashi cikin bazara da ɗaurin jar fata a kan jakin aro, sauran turaren kuma na naɗe a tsumma na cusa a aljihun 'yar shara. Daga Dungas zuwa Magariya kwana biyu na yi, don jakin ba ya son rairayi, in ya ga inuwa sai ya kwanta da kayan, sai na sauke na lallashe shi na sake ɗorawa. Na yada zango a wani ƙauye na ƙasar Kwaya, gidan wani manomi da ya ba ni fura mai yawa, ya kuma shimfiɗa mini tabarma can nesa da zaure, wai nan ya fi iska. Na san iskar da yake nufi. Duk inda na tsaya hutawa sai na ciro kwalbar na buɗe na shaƙa, ina so in kama ta tana wari. Ba ta taɓa yi ba. Sai in ce wa kaina ai haka algus yake, a ƙasa yake kwanciya.

A Magariya na bar jakin gidan wani ɗan'uwan mai shi, na tafi biron kumandan, ofishin Nasaran da ke mulkin ƙasar, neman takardar ƙetare iyaka. Wuni guda na yi a rana tare da masu jira. Da aka zo kaina malamin biro ya tambaye ni dalilin tafiya ba tare da ya ɗago kai ba, na ce fata zan kai. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya miƙo mini da bakin yatsu biyu. Washegari na sami wuri a kamiyo, babbar motar da ke kwashe ragowar gyadar bana zuwa Kano. A kan buhuna muka zauna, mutane da kaji da tabarmi. Rana tana dukan buhunan, ƙamshin man yana tasowa ta cikin algarara, ni kuwa duk shaƙar da na yi sai ta ƙara mini haushin Gwaggo, kamar ita ta shuka gyadar.

A bakin iyaka, gaba da Tinkim, 'yan duwan masu binciken kaya suka sauke mu duka. Wanda ya binciki kayana dogo ne, mutumin bakin teku, Hausarsa a karye. Ya kwance fatun ya duba, ya laluba aljihuna ya ciro tsumman. Ya zaci giya ce ko magani. Da ya buɗe ya shaƙa sai fuskarsa ta sake, ya ɗiga a wuyan hannunsa ba tare da ya tambaye ni ba, ya murza, ya maido mini. Raina ya ɓaci, don shaidata ce yake ragewa, amma wa zai yi gardama da mai kaki? Takardun shofer ɗinmu, mai tuƙin motar, suka sami matsala, muka zauna gindin wani gawo tun hantsi har rana ta take. Wata tsohuwa mai zuwa ganin 'yarta a Kano ta raba mana ƙuli-ƙuli, ta tambaye ni me nake ta taɓawa a aljihu kamar mai ƙaiƙayi. Na ce laya ce.

Da aka sallame mu, dogon nan ne ya miƙo mini takardata, hannunsa ya gifta ta gaban hancina. Mutumin nan yana cikin rana tun safe, cikin kaki mai kauri, yana zufa, amma wardin yana nan a jikinsa, ya ma fi ɗazu daɗi. Kaifin ya kwanta, ya yi ɗumi, wani ƙamshin itace mai laushi ya fito daga ƙarƙashi wanda ni ban taɓa jin sa a jikina ba. Ya tambaye ni inda ake sayarwa. Na ce masa kada ya ruɗu, surki ne. Ya shinshina hannunsa, ya dube ni, ya kaɗa kai ya wuce. Na hau mota ina ce wa kaina ai waɗannan da sabulun Nasara suke wanka, shi ya rufe warin. Kun ga irin taurin kaina.

Muna ƙetarawa shofer ya karkata motar daga hannun dama ya koma hagu. Na ɗauka barci ne ya kwashe shi. Tsohuwar ta riƙe rigata tana salati, sai wani ɗan Magariya da ya saba hanyar ya ce mu kwantar da hankali, a ƙasar Ingilishi haka ake tafiya, Nasaran nan biyu ko a kan hanya ba su yarda su bi gefe ɗaya ba. Daga nan sunayen abubuwa suka fara sauyawa alhali harshen ɗaya ne. Shofer ya zama direba, kamiyo ya zama lori, duwan ta zama kwastan. A Ɓaɓura na tsaya gaban mai tuwo na ce ta zuba mini na dala, na miƙa mata kuɗin wajenmu, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga ɗan Faransa. Sai da na nemi mai canji na karɓo sulalla da kwabbai masu huda a tsakiya. Tuwon na dawa ne, ya fi namu na gero santsi amma ba ya riƙe ciki. Muka kwana a Dambatta saboda ƙafar mota ta fashe, washegari da hantsi muka shiga Kano.

Masu tambayata yaya birnin yake, ga gaskiya: ban gan shi sosai ba. Na ga ganuwa, na ga tarin buhunan gyada da aka jera kamar duwatsu, na ji kukan jirgin ƙasa amma ban je na gan shi ba. Ruwa kam ana sayarwa, a garwa, kuma ba wanda yake jin kunyar karɓar kuɗinsa. Gaisuwarsu gajera ce, kafin ka gama tambayar mutum gida da gajiya ya yi nisa. Kekuna sun fi jakunan Dungas yawa. Ranar farko na ratsa hanya ina duba gefen da ba shi ba, wani mai keke ya kwashe ni da ɗaurin fatata muka zube tare. Ya tashi ya zage ni, ya kuma tambaye ni ko na ji ciwo, duk a numfashi ɗaya.

Na sauka a Fagge gidan Malam Garba, mai masaukin da masu fata na wajenmu suke sauka wurinsa, mutum mai ƙiba mai son hira. Shi ya kai ni inda na sayar da fatun, shi ya fara ba ni gurasa, wani abu mai faɗi na alkama da ake ci da garin ƙuli da yaji. Ya lura ba na zama wuri ɗaya, ba na gama abinci. Rana ta biyu ya ce, "Baƙona, kai ba fata ta kawo ka ba." Na ba shi labarin yadda na ga dama na tsara shi. Ya ce gobe zai kai ni wurin wanda ya san turare.

A rumfunan masu turare na Kasuwar Kurmi ba a jira ka tambaya. Kana wucewa sai a ɗiga maka a hannun riga, wannan miski, wannan ambar, wannan jiya ya iso. Kafin mu kai ƙarshe hancina ya mutu, kaina yana sarawa. A wajenmu mace tana shaƙar bakin kwalba sau ɗaya ta biya ta tafi. Malam Garba ya ja ni wata 'yar rumfa a lungu, wurin wani tsoho siriri, Malam Sidi, wanda aka ce a gidan Larabawa ya tashi. Bai nuna mini kwalba ko ɗaya ba. Ya ce in zauna hancina ya huta. Na zauna ina ta mutsu-mutsu, ina ba shi labarin algus, yana sauraro yana goge wani ɗan tsinken ƙarau da yake ɗibar mai da shi.

Da na gama ya ce in ba shi hannuna. Ya juya shi, ya kai hanci kusa da wuyan hannun, ya ce, "Bagaruwa. Toka. Da kashin tattabara. Tun yaushe kake jima?" Na ce tun ina ɗan shekara goma. Kunya ta kama ni, don da safen nan sau biyu na yi wanka.

Ya ɗauko sabuwar kwalbar wardi daga akwati, bakinta a liƙe da jan danƙo, ya ɓare a gabana don in gani da idona ba a taɓa ta ba. Ya ɗiga mini a hannun dama, ya ɗiga wa Malam Garba. Sannan ya yagi farar takarda, ya ɗiga na Gwaggo a gefe ɗaya, ya sa Malam Garba ya lakato man gyada wurin mai tsire, ya gauraya shi da ɗigon wardi a ɗaya gefen. Ya ɗora takardar a kan rumfa cikin rana ya danne da dutse. Ya ce mu tafi mu zaga, mu komo kafin kiran azahar, kada alwala ta wanke. Na ce ni saye na zo yi, in biya in tafi. Ya ce shi ba ya sayar wa mutum turare sai ya ga yadda ya zauna a jikinsa, don kwalba ba ta yin zufa, mutum ne ke yi.

Ban taɓa ganin safiya mai tsawon wannan ba. Muka zaga wurin dukawa, muka zaga wurin masu tufafi, ni ban ga kome ba, taku goma sai in kai hannu hanci. Da farko murna na yi. Wannan wardin ya fi na Gwaggo kaifi, yana tashi kamar zai tsaga hanci, na ce wa Malam Garba ka ji na ainihi. Ya ce to. Can kaifin ya sauka, zaƙin ya fito, har wani da muka gifta ya waiwayo. Sai rana ta fara zafi, zufa ta karyo mini. Na shaƙa na ji wani abu kaɗan a gefen zaƙin. Na ce ƙila lambatun da muka wuce ne. Muka matsa gaba, abin ya biyo ni. Kafin mu juyo, tsamin nan na ranar suna ya dawo cif, ba abin da ya ragu. Na kamo hannun Malam Garba ba tare da na nemi izini ba. Nasa wardi ne lafiyayye, ya ma ɗan yi zaƙi kamar dabino, ga shi mutumin ya fi ni zufa nesa ba kusa ba. Ya ce in sakar masa hannu, mutane suna kallo.

Malam Sidi ya sauko da takardar. Gefen man gyada ya yi tabo mai maiƙo, ana hango haske ta cikinsa. Gefen Gwaggo ya bushe, sai ɗan ƙamshi. Ya daɗe yana shinshina kwalbarta, ya ce wadda ta haɗa wannan ta san aiki, ta sa sandal kaɗan don ya riƙe wardin a ƙasa mai zafi, da a Kano take da shi kansa zai riƙa saye wurinta. Ya ce wardi turare ne mai rauni, abin da ke cikin fatar mutum yana rinjayarsa, ya ga haka a jikin mahauta, ya gani a jikin marina. Sannan ya tambaye ni, "In ka shafa wa fatar akuya mai, ka shafa wa ta tunkiya, ɗaya suke sha?" Na ce a'a. "Akuyar ma, ta wajenku da ta kudu?" Na ce ba ɗaya ba ne. Abin da nake yi da hannuna kullum ne, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ni ma fata ce a jikina ba.

Yanzu ga abin da ban gaya wa Malam Garba ba, ban gaya wa manyan gidanmu ba, kuma ban rubuta shi a sama ba don ko a takarda yana yi mini nauyi. Ranar da na je saye, Gwaggo ta hana ni wardin. Ta ɗauko wata kwalba mai duhu ta ce in ɗauki wannan, wancan ba na jikina ba ne. Ni kuwa na ji kamar ta ce wardi ya fi ƙarfin majemi. Na ce ko wardi ko in fasa. Ta ba ni. Ke nan lokacin da na tsaya a kasuwa ina ɗaga murya, akwai wani lungu a zuciyata da ya san ta gargaɗe ni. Dariyar da aka yi mini ce nake neman wanda zan ɗora wa.

Da na faɗa wa Malam Sidi wannan, sai ya ɗauko wani mai kauri, baƙi-baƙi, sandal da ambar, ya ɗiga mini bayan mun idar da salla. A bakin kwalba bai burge ni ba, yana da nauyi, har da ɗan ɗaci kamar hayaƙi. Amma da la'asar ya koma kamar ɗakin da aka turara jiya, mai ɗumi, a natse, kuma bai yi faɗa da warin sana'ata ba, sai ya shige cikinsa ya zauna. Washegari yana nan a hannun rigata. Na koma na roƙi tsohon ya rubuta mini takardar shaida in kai Dungas. Ya yi murmushi ya ce shi turare yake sayarwa, ba alƙali ba ne. Na sayi wardin da ya ɓare, na yi masa sallama.

Dawowa ta fi tafiya sauri, abin da ban so ba. A iyaka na tarar da dogon ɗan duwan, ya gane ni, ya nuna wuyan hannunsa yana dariya. Na ce masa turaren nan mai kyau ne, gwaggota ce ke haɗawa a Dungas. Faɗa wa baƙo gaskiya ba wuya. A Magariya kwana uku na yi ina yawo, wai ina neman bagaruwa mai arha, alhali buhu biyu na bari a gida. In na kama hanyar gidan da jakin yake sai ƙafata ta kai ni kasuwa. Sai da mai gidan ya ce jakin yana cinye masa harawa sannan na ɗaura kaya.

Na iso Dungas na kwana, da hantsi na tafi gidan Gwaggo. Na same ta tana kaɗi. Faifan turaren yana rataye a bango ba kome a kansa, daga baya na ji cewa da kaɗin nan da surfen mutane take cin abinci tun kafin in tafi. Na durƙusa a bakin ƙofa na fara magana. Ba ta daina murza mazari ba. Ta tambaye ni hanya, ta tambayi mai jego da yaro, kamar yadda ake tambayar baƙo. Da na ce na zo neman gafara, ta ce, "A nan ɗakin ka faɗa?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Ta ci gaba da kaɗinta. Na roƙe ta ta fito kasuwa mai zuwa, ta ce ba ta da abin da za ta kai.

Ranar kasuwa na riga kowa zuwa gindin tsamiya. Na shimfiɗa buzu kusa da inda take zama, na ajiye kwalba biyu, tata da ta Kano. Da mata suka fara taruwa na kira Iya Kande mai gishiri, wadda tana nan ranar da na yi abin da na yi, kuma bakinta ba ya ajiye magana. Na roƙe ta ta bar ni in ɗiga mata na Gwaggo a hannu ɗaya, na Kano a ɗayan. Na yi wa kaina haka nan. Na ce duk mai so ta dawo in rana ta take ta shinshina. Sannan na ja buzun na zauna a rana, don zufa ta fito.

Manu ya zo ya tsaya a kaina ya ce me ake sayarwa a nan, majemi ko turare, in majemi ne shi ba zai taya ba. Ya zauna kusa da ni dai, bai tafi ba. Labari ya zaga kasuwa. Da rana ta take tsofaffi suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, su kama hannun Iya Kande su ce masha Allah, su kama nawa su yamutsa fuska. Nawa dama da hagu duk sun juya, na Kano ma ya fi tsami. Dariyar ranar suna ba kome ba ce a kan ta ranar nan. Wata ta ce ashe ba man gyada ba ne, man Isa ne. Iya Kande tana ɗaga hannuwa tana cewa na Delu ya fi kwanciya, kowa ya zo ya ji. Mata biyu suka tambaye ni ina Delun take, suna da biki.

Ban san wanda ya je ya gaya mata ba. Na dai ga mutane sun buɗa, ga ta tsaye da mayafi, ba faifai, fuskarta ba fara'a ba fushi. Ta ce, "Tashi ka tafi gida, abin kunyar ya isa haka." Ban tashi ba. Na juya na sa gwiwa biyu a ƙasa, na ɗaga murya daidai yadda na ɗaga ta wancan karon, don wanda ya ji waccan ya ji wannan.

Na ce, "Gwaggo, a nan na ce kina surki, a nan nake cewa ƙarya na yi. Turarenki ba abin da ya same shi, jikina ne. Kin hana ni na ƙi ji, aka yi mini dariya, na rasa inda zan kai haushina na kawo miki, don na san ba za ki rama ba. Na raba ki da kasuwarki, na ɓata miki suna a bakin mutanen da suka san ki tun kafin a haife ni. Ba ni da abin da zan gyara wannan da shi sai bakin da ya ɓata. Ki yafe mini don Allah, Gwaggo. In ba yau ba, kasuwa mai zuwa ina nan wurin, zan sake roƙo."